Ranar jarrabawa da ƙuri'ar 'yan majalisa

Ɗalibin kimiyyar siyasa yakan yi hamma idan malami ya fara zana jadawalin lissafin dabarun hamayya a allo. Amma a ce wa aji su zaɓi ranar jarrabawa da kansu, nan take barci ya watse.

A ce ajin ya kasu gida uku daidai. Na farko sun fi son Litinin, sai Laraba, sai Juma'a. Na biyu Laraba, Juma'a, Litinin. Na uku Juma'a, Litinin, Laraba. In aka gwabza ranakun biyu-biyu, Litinin ta ka da Laraba, Laraba ta ka da Juma'a, Juma'a kuma ta juyo ta ka da Litinin. Bafaranshen nan Condorcet ya bayyana wannan ɗaurin gwarmai tun 1785. Ranar da aka ajiye sai zagayen ƙarshe ita ke cinyewa, don haka mai tsara jerin ƙuri'ar ya riga ya yanke hukunci kafin kowa ya ɗaga hannu.

Abin da ke ba ni sha'awa yana faruwa ne a kujerun baya. Malam ya ce a fara da Litinin da Laraba. Can sai wata daga gidan farko ta zunguri ƙawarta: “Ke, sauke hannunki! In Litinin ta wuce, Juma'a za ta ka da ita.” Su juya su zaɓi Laraba, wadda ba ita suka fi so ba, su tsira daga Juma'a. Babu wanda ya koya musu, darasin ma bai kai nan ba tukuna.

Littattafan fannin sun fi kawo misalin Amurka na 1956, inda 'yan Republican da dama suka goyi bayan gyaran da wani ɗan majalisa mai suna Powell ya kawo a kan ƙudurin gina makarantu, sannan suka ƙi ƙudurin, ya faɗi. Ɗalibanmu kuwa nasu suke jawowa. A 2011 PDP ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola don kujerar kakakin Majalisar Wakilai. 'Yan adawa ba su da yawan da za su ɗora nasu, sai suka mara wa Aminu Tambuwal baya, ɗan PDP da jam'iyyarsa ba ta so, ya samu ƙuri'a 252, ita 90.

Daga nan fa gardama ke kaurewa, wasu su ce wayo ne, wasu su ce cin amana. Galibi waɗanda suka fi ɗaga murya a kan cin amanar su ne suka sauke hannu ɗazu.