Muryar Kakaki A Bayan Gilashi

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma akwai inda wannan magana ba ta ci. Wanda ya shiga gidan adana kayan tarihi, kamar na Jos da aka buɗe a 1952, ko na Onikan a Legas na 1957, ya tarar da kakaki ko tambari a cikin akwatin gilashi, to rabin abin kurum ya samu. Sauran rabin yana cikin sauti, shi kuwa sauti ba ya isa kunne sai ta hanyar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa murya kafin ta kai ga lasifika.

Akwai wani dattijo a wani gidan tarihi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a rumfar gyaran rediyo, shi aka ɗora wa alhakin sayo amfilifaya shida da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ya kuwa san in suka mutu za a daɗe ba a sake ware wasu kuɗin ba, ɗakunan su koma tsit.

'Yan kasuwa suka dinga nuna masa manya irin na gidan biki, masu lambar wat dubbai a jikin kwali. Shi dai lambar RMS yake tambaya, domin ita ke faɗin ƙarfin da na'ura za ta bayar ba tsayawa. Wadda ake rubuta wa PMPO ta talla ce. Ya san kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ƙara wa sauti. Wat 10 zuwa 20 sun ishi ƙaramin ɗaki, abin da ya wuce haka sai kakakin wannan ɗaki ya danne garayar na maƙwabta.

Daga nan ya zauna ya yi lissafi: awa 8 a rana, kwana 6 a mako, ya tashi kusan awa 2,500 a shekara. Na'urar da za ta jure wannan sai marar zafi, gama zafi ke cinye kayan cikinta. Saboda haka ya zaɓi irin da ake kira Class D, wadda kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkin da ta ja yake isa ga lasifika. Ba ta bukatar fanka, ita kuwa fanka banda gurnani, ƙurar hunturu take zuƙowa ta tara a ciki.

Bai biya ba sai da ya yi gwaji uku a gaban mai kanti. Ya zare soket ya mayar, don ya ga ko za ta tashi da kanta, domin in an ɗauke wuta an kawo, ba mai bin ɗaki ɗaki yana danna maɓalli. Ya kara kunne a lasifika ba tare da ya sa kiɗa ba, yana sauraron tsaki ko ruri. Sa'an nan ya duba ya ga ta dace da lasifikokinsa masu om 8, kuma tana aiki da bolt 12, yadda batir zai iya riƙe ta.

A ƙarshe bakwai ya saya, duk iri ɗaya, da kuɗin shida, ya kulle ta bakwai a kabad domin ranar da wata za ta gaza. Abokan aikinsa suka ce araha ba ta ado. Ya ce ai ba ado ya je saye ba, bayan allo za a ɓoye su.

Lalle ne masu riƙe da dukiyar jama'a su yi koyi da wannan. Makaɗa da mabusan da aka ɗauki muryoyinsu da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma 'yan makaranta ba su da inda za su ji su sai a irin waɗannan ɗakuna. Allah Ya sa a riƙe amana.