Bilma, Garin da Hanya ta Yi wa Ƙaura

Duk wanda ya tashi a gidan kiwo a ƙasar Hausa ya san kantun gishirin da shanu ke lasa, amma kaɗan ne suka taɓa ganin inda yake fitowa. Ni dai na taki sa'a na je Bilma, can a yankin Kawar, bayan mun ratsa rairayin Tenere daga Agadas.

Kufan tsohon gari ne ya fara tsaya mini a rai. Da ƙasa mai gishiri aka yi ginin, saboda haka ruwan sama, da muke roƙo hannu bibbiyu, a nan ɓarna yake yi. Wanda aka tafka a 2006 ya narkar da gidaje masu yawa. Ga kuma barikin da Faransawa suka kafa bayan sun kama garin a 1906.

A da, ta nan hanyar Borno zuwa Fezzan da Tarabulus ta bi. Turawa masu yawon bincike, su Denham da Clapperton, sun yada zango a nan a 1823, suka kuma ba da labarin ƙasusuwan bayi da suka gani zube a bakin rijiyoyin hanyar. Ba na iya yabon arzikin wancan zamani ban tuna da waɗannan bayin Allah ba. Da fatauci ya karkata zuwa bakin teku, sai ayarin arewa ya ɗauke ƙafa.

A ramukan gishiri na Kalala na gane cewa garin bai mutu ba. Barebari na nan cikin ruwan gishiri mai cin fatar ƙafa, suna kwasar beza, wato gishirin ci, suna cusa sauran a kwamin itacen dabino ya fito kantu. Da sanyi ya kama, Abzinawa kan iso da raƙuma ta garin Fashi, ɗauke da gero, su koma da gishiri da dabino, ko da yake yanzu manyan motoci sun kwashe kaso mai tsoka na lodin.

Abin da ya dame ni, wanda rana ke gasawa a ramin shi ne mai mafi ƙarancin rabo, riba tana can kudu a hannun dillalai. Shi ya sa ban ga laifin samarin da suka bar sana'ar iyayensu suka nufi Dirku neman aikin mota ba, ko waɗanda suka ruga Jado da zinariya ta ɓulla a 2014. Wajen haƙar ma hukuma ta rufe shi a 2017.