Mai Masaukin Waya a Nima

A shekarar 1995 ne Ghana ta samu cikakken haɗi da intanet, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor. A wancan zamani, duk mai son shiga sai ya bi ta layin tarho: na'urar modem ta buga lamba, ta yi kururuwarta na 'yan daƙiƙoƙi, sannan hanya ta buɗe. Galibin mutane masu bugawa ne. Kaɗan ne suka san kwamfuta na iya zama mai amsa kira, kuma cikinsu akwai wani matashi mai shagon buga takardu a Nima, ɗaya daga cikin zongunan Accra.

Kawunsa ɗan kasuwa ne a Maamobi, kuma lissafin kayansa yana cikin kwamfutar shagon. Yana son ya riƙa duba shi daga gida. Sai matashin ya buɗe sashen karɓar kira na Windows XP, inda tambayoyi uku ke jiran sa.

Ta farko, wane ne zai shigo? Ya ba kawun suna da kalmar sirri, bai ba kowa ba.

Ta biyu, wane adireshi za a ba mai kira? Na'urorin biyu suna gaisawa ne bisa ƙa'idar PPP, amma saƙo ba ya tafiya sai da adireshin IP. Ya keɓe lambobi biyu daga jerin da ke farawa da 192.168, ɗaya ta mai amsawa, ɗaya ta mai kira, ya tabbatar babu kwamfutar shago da ke amfani da su. Sauri kuwa ba ya wuce kilobit 33.6 a daƙiƙa tsakanin modem biyu na gida, ko da an rubuta 56 a jikin kwalinsu.

Ta uku ita ce mai nauyi: shin a bar mai kira ya kai ga sauran kwamfutocin shagon? Cikinsu akwai wasiƙun jama'a, da takardun neman biza, da yarjejeniyoyin hayar ɗaki, duk na mutanen da suka ba shi amana.

"Buɗe mini duka, ɗana, ai ni ba baƙo ba ne," in ji kawun.

"Kawu, ka yi haƙuri. Naka ne zan buɗe maka, sauran na mutane ne."

Ya cire alamar da ke cikin ɗan akwatin izinin. Kawun ya yi kwanaki yana jin haushi.

Kalmar zongo daga zango take, wato wurin da ayari ke yada kaya. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi sun san mai masauki: shi ke karɓar baƙo, ya ba shi ɗaki, ya tsare dukiyarsa daga hannun wani baƙon. Wanda ya kasa wannan, fatake ba sa komawa gidansa. Masu takardun nan ba su taɓa jin labarin ɗan akwatin ba, amma sun ci gaba da kawo aikinsu shagon.