Kebul Mai Tsada: Kunne Ke Ji Ko Ido?

Akwai kebul ɗin da tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba, amma a Amurka da Japan da Turai ana sayar da shi kan kuɗin da ya fi na makarantar ɗayanmu tun daga ND har HND. Aikinsa kawai ya ɗauko sauti daga na'urar kiɗa ya miƙa wa amfilifaya. Ni karatun lantarki nake yi, kuma Asabar da Lahadi ina bin maigidana haɗa kayan sauti a wuraren biki, don in samu na abinci da na fotokwafi. Hannuna kullum a kan kebul yake, shi ya sa na zauna na bi diddigin abin da mai sayen irin wancan yake biya.

Masu yin sa sukan fara tallarsu da ƙarfen da ke ciki. Za su ce maka jan ƙarfensu an raba shi da iskar oksijin, tsabtarsa ta kai kashi 99.99 cikin 100. Wasu su ce nasu an narka shi ne ta hanyar da Farfesa Atsumi Ohno na Japan ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Waɗanda suka fi ji da kansu kuwa azurfa zalla suke sawa. Ba ƙarya suka yi ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe saukin bai wa lantarki hanya da kusan kashi 6 cikin 100. To amma ɗauko kalkuleta. Turjiyar wayar mita ɗaya ba ta cika kai om 0.1 ba, alhali ƙofar amfilifayar da sautin zai shiga tana da om 10,000 ko fiye. Kashi ɗaya ke nan cikin 100,000. Idan ka rage kashi 6 daga wannan ɗan mitsitsin, wane kunne ne zai ji? Kamar ka cire cokali ɗaya daga buhun gero ne ka ce ɗan dako ya samu sauƙi.

Zinariyar da ake shafa wa kan kebul ma mutane na yi mata gurguwar fahimta. A wajen ɗaukar lantarki tana bayan azurfa da jan ƙarfe. Amfaninta shi ne ba ta tsatsa, ba ta dusashewa, don haka bakin kebul ɗin yakan daɗe yana kamawa da kyau. Wannan amfani ne na gaske, amma shafe ne siriri da ake samu har a kan kebul mai matsakaicin kuɗi.

Sai robar da ke naɗe da wayar. A nan akwai ilimi, domin waya biyu da roba a tsakaninsu kafasita ne, kamar yadda muka yi a ajin farko. Robar PVC ta fi riƙe caji, foliyetilin da Teflon kuwa riƙonsu kaɗan ne, shi ya sa masu tsada suka fi son su. Na yi lissafin da kaina. Kebul mai fikofarad 100, a bayan na'ura mai om 1,000, ba zai fara danne sauti sosai ba sai wajen Hz miliyan 1.6. Kunnen ɗan Adam iyakarsa Hz 20,000, shi ma na yaro mai lafiya. Tazarar ta kai ninki 80. Inda abin ke tasiri shi ne gita mai lantarki: ka sa mata dogon kebul, za ka ji kaifin muryarta ya dushe, saboda turjiyar na'urarta babba ce.

Kar wani ya ɗauka cewa nake yi duk kebul ɗaya ne. Araha ba ta ado. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe. Alminiyam kashi 61 cikin 100 yake ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa, ga wahalar kama dalma idan shafen ya kankare. Akwai ma ta baƙin ƙarfe, wadda maganaɗisu ke tona wa asiri nan take. Ka fere wani kebul ɗin ka tarar garkuwar da ya kamata ta zama saƙa mai kauri, 'yan silla goma ne aka warwatsa. Irin wannan shi ke ba mutum kunya a tsakiyar taro.

Na ga haka da idona a wani ɗakin biki. Mai kiɗan da aka ɗauko ya ja dogon kebul mai kan RCA daga kwamfutarsa har zuwa mikisarmu, ya bi da shi gefen wayar janareta. Kan kebul ɗin sai sheƙin zinariya yake, shi kuma sai yabon sa yake. Ana kunnawa lasifika ta ɗauki ƙugi, irin na Hz 50 ɗin nan na wutar ƙasarmu. Maigidana bai ce masa uffan ba. Ya ciro ƙaramin akwatin nan da ake kira DI, ya ce da ni, "Ɗauko XLR ɗin da ka haɗa jiya." Na ce, "To, Oga." Muka sa, ƙugin ya ɗauke ɗif.

Ba tsafi a ciki. RCA waya ɗaya ce da garkuwa, duk hayaniyar da ta shiga ta zauna. XLR kuwa ƙafa uku gare shi: ɗaya ta garkuwa, biyu na sauti. Wayoyin biyu a murɗe suke da juna, don haka hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida. Mikisa bambancin da ke tsakaninsu kawai take karɓa, sai hayaniyar ta kashe kanta. Shi ya sa situdiyo da gidajen rediyo suka dogara da shi. Dabarar ƙira ce ta yi aikin, da jan ƙarfe na yau da kullum.

To me ya sa masu saye ke rantsuwa sun ji bambanci? Ban ɗauke su maƙaryata ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan harka maganar ta zauna daram. Wanda ya ga farashi, ya ga akwatin katako mai shimfiɗar karan-miski, kunnensa ya riga ya karɓi umarni daga idonsa. Maganin haka shi ne gwajin da mai sauraro bai san wane kebul aka sa ba. A shekarar 2007, James Randi, tsohon mai wasan rufa-ido da ke zaune a Amurka a lokacin, ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda zai bambance wani kebul ɗin lasifika na dala 7,250 da na kamfanin Monster ta irin wannan gwaji. Aka yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba, kuɗin ba wanda ya ɗauka.

Abin da ya sa na damu, 'yan uwa, shi ne gobe mu za a tambaya. Kwamitin masallaci ko coci, mai ɗakin taro, yaron da ya tara kuɗi zai buɗe situdiyo, duk za su zo su ce, "Injiniya, wanne za mu saya?" A ranar za ka iya sayar masu da labari ka ci riba ninki biyar, ba mai kama ka. Za kuma ka iya sa masu jabu ka soke canji, sai ranar taro asiri ya tonu. Duka biyun cin amanar takardar da muke wahala a kanta ne.

Ni dai ga abin da nake dubawa. Jan ƙarfe na gaske, garkuwa mai cikakkiyar saƙa, kai mai kamawa gam, liƙin dalma mai sheƙi, tsawo daidai buƙata. Idan tafiyar ta wuce 'yan mitoci, XLR. Na kan auna da mita kafin in naɗe, in lanƙwasa wuyansa in ji ko zai yi ƙaras-ƙaras.

Kuma ina da shawara ga sashenmu. Muna da osiloskof a wokshof, muna da ɗalibai masu kunne. A samo kebul uku, na araha, na matsakaici da mafi tsadar da za a iya arowa, a sa labule, a kira mutum talatin su saurara, a rubuta sakamakon. Furojet ne da ba zai ci kuɗi ba, kuma duk wanda ya zauna a bayan labulen nan zai fita ya san abin da zai gaya wa kwastoma. Idan ana neman mai liƙa kawunan, ina nan.