Daga Haɗeja Zuwa Gidan Masu Gida

A ƙasar Haɗeja ba a rasa filin tamaula. Da zarar ruwa ya janye daga fadama bayan damina, sai ka ga yara sun kafa sanda biyu nan, biyu can, wasa ya kankama har duhu ya raba su. Amma yawancinsu ba su taɓa ganin filin da mutum yake neman abincinsa da ƙwallo ba. Sun san 'yan wasan Ingila daga gidan kallo, na ƙasarsu kuwa sai dai a rediyo. Saboda haka mu malamai uku na makarantar ikkilisiya muka nemi yardar iyaye, muka ɗauki yara 14 na aji shida zuwa Kano, domin su ga gidan Kano Pillars da idonsu.

Yawancin wasannin ana yinsu ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, wannan kuwa ya ɗan dame mu. Sai muka tashi tun ranar Asabar, muka bi ta Gujungu da Ringim da Gezawa, muka kwana wurin 'yan'uwa a Sabon Gari. Da safe muka yi sujada tare da su, bayan abincin rana muka nufi Ƙofar Mata.

Filin yana dab da tsohuwar marinar nan ta Ƙofar Mata, inda har yau ake rina zane da baba. Sunansa Filin Wasa na Sani Abacha, yana ɗaukar mutum wajen 16,000. A nan aka yi waɗansu wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000 sa'ad da Nijeriya da Gana suka haɗu suka karɓi baƙi, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ga wanda ya saba da fadama, abin mamaki na fari shi ne matakalan zama, hawa bisa hawa. Yaranmu da ba su bar surutu ba tun daga Haɗeja, da suka shiga sai suka yi tsit.

Kada mai karatu ya ce, me ya haɗa Bahaɗeje da ƙungiyar Kanawa? An kafa Pillars a 1990, lokacin nan kuwa Haɗeja tana cikin Jihar Kano, gama sai a 1991 aka yanke Jigawa. Ƙungiyoyi uku aka haɗa aka yi ta, wato WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. WRECA ɗin nan ita ce hukumar aikin ruwa da madatsu ta tsohuwar jihar. Mu mutanen ƙasan kogi mun san zancen madatsu sarai. Tun da aka gama ta Tiga a 1974 ambaliyar da take shayar da fadamunmu ta ragu, daga baya kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wani cikinmu ya ce, tun da sun tare mana ruwa, ai ba laifi mu sha daɗin ƙwallonsu.

Kirarin ƙungiyar shi ne "Sai Masu Gida", ba kuwa a banza suka samu sunan ba. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015 ba wanda ya ci su a gida cikin gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta yi musu biyu da ɗaya. Sun ɗauki kofin gasar a 2008, sa'an nan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 cikin kaka guda kafin ya tafi Turai, a nan kuma Rabi'u Ali ya daɗe yana wasa har ake ce da shi Pele.

Da 'yan wasa suka fito cikin rawaya da kore, ganguna suka tashi, ihu ya cika wuri har ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka ce wa yaran su kasa kunne ga sunayen da ake kira. Akwai Hausawa, akwai mutanen Filato da Binuwai, akwai na Kudu. Wani kafin ya taka fili ya ɗaga hannu yana addu'a irin ta Musulmi, na bayansa ya durƙusa yana tasa irin tamu. Jama'a ba su tambayi addinin kowa ba, wanda ya yi wasa mai kyau shi ake yi wa tafi. A garin da ya sha ganin tashin hankali saboda addini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun kuma ji daɗi da yaranmu suka gani.

Amma akwai abin da ba za mu ɓoye wa iyaye ba. Zafin son ƙungiya yakan wuce gona da iri. Mun ji ashar da bai kamata yaro ya ji ba, galibi a kan alƙalin wasa. A 2022, bayan wasa da Katsina United, waɗansu 'yan kallo suka farfasa motar baƙin. Aka ci ƙungiyar tara, aka rage mata maki, aka tura ta yin wasa a wani gari. A shekarar nan ta faɗi daga babbar gasa, sai a 2023 ta komo. A ganinmu waɗanda suka yi jifan nan ba su san ma'anar kirarinsu ba, gama mai gida na ƙwarai shi yake tsare baƙonsa har ya sallame shi lafiya. Wanda zai kai yara, sai ya je da wuri, ya biya kuɗin rumfa ko da ya fi tsada, ya zauna kusa da ƙofa, ya kuma fita kafin taro ya ɓarke. Haka muka yi, saura minti biyar a tashi, ko da yake yaran sun yi ta gunaguni.

A mota wani yaro ya tambaya, ina tamu ƙungiyar? Muna da ita, Jigawa Golden Stars. Ta taɓa yin wasanninta na gida a filin Haɗeja. Amma da ta sāke hawa babbar gasa a 2019, sai ta ari wannan fili na Kano, daga baya ta koma na Ahmadu Bello a Kaduna, har ta faɗi a 2021. Wasan gida ke nan da sunansa, amma Bahaɗeje sai ya yi tafiyar yini kafin ya kalla.