Kafin a miƙa wa sabon ma'aikaci hatimi

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 a Nijar, aikin da ya shafi rayuwarmu ta yau da kullum ya dawo ofishin magajin gari. A 2016 gwamnati ta ƙara miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Shugabanni na sauyawa, amma ɗan wanda ke zaune bayan teburi da rajista, shi ne gwamnatin da talaka yake gani. Tambayata ita ce, wa ke koya masa aikin?

Ni malamin makaranta ne a Damagaram, kuma duk shekara idan lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC ya zo, nakan ga sakamakon wannan tambaya. Yaro sunansa Usman, a takardar haihuwa an rubuta Ousmane, a rajistar makaranta Oussoumane. Wata ɗalibata an rage mata shekara biyu da kuskuren alƙalami. Mahaifinta ya bar gonarsa ya yi ta zarya tsakanin wani ofishi da kotu kafin a gyara. Ma'aikacin da ya rubuta ba mugu ba ne, an dai zaunar da shi ne aka ba shi biro.

Ana horar da ma'aikatan gwamnati a makarantar ENA ta Yamai, amma Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga nan, ba kowane sabon ɗauka ke kaiwa can ba. Horon farko dole a yi shi a gida.

Fadar Damagaram ta daɗe da sanin haka. Ba a naɗa mutum yau ya yanke magana gobe. Sai ya zauna gindin manya, ya ga yadda ake karɓar baƙo da sauraron ƙara.

Da za a nemi shawarata, makon farko na sabon ma'aikaci ya kasance kusa da tsohon hannu, yana kallo, ba ya taɓa rajista. A koya masa dokar rajistar haihuwa, da yadda zai karanta wa uba sunan da ya rubuta kafin a buga hatimi. Ya iya fassara takardar Faransanci zuwa Hausa ko Barbarci ga wanda bai yi boko ba. Sannan a kai shi yini guda makarantar firamare, wani yinin ɗakin haihuwa, ya ga inda takardarsa ke tafiya bayan ta bar hannunsa.

Iyaye, ku ma ku duba takardar tun a ofis, harafi bayan harafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma'aikaci, haka kuskure.