Kwatano ko Lome

A ƙarshen kakar 2024, bayan an shigar da dawa rumbu, wani saurayi ɗan Bugaje, a Ƙaramar Hukumar Jibiya, ya kwana uku yana juya tambaya guda a ransa: Kwatano zai je ko Lome? Wanda ya dubi taswira zai ce abin bai kai a rasa barci ba. Biranen biyu a bakin teku ɗaya suke, tsakaninsu kilomita 150 ne ko kusa da haka, sefa ake kashewa a dukkansu, da Faransanci ake cika takarda, kuma a kowanne akwai zango inda Bahaushe zai sauka ya ji sallama da harshensa. Amma kuɗin da za a ɗaura masa a ƙugu ba nasa ba ne, kuma tafiyar ita ce ta farko da zai yi shi kaɗai.

Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake tsaron shagon kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, a kasuwar Maraɗi, inda suke sayar da atamfa da shadda. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Jibiya. Daga Magama a tsallaka zuwa Ɗan Isa, daga nan Maraɗi tafiyar sa'a ɗaya ce, kuma tun da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma can bayan jihadi, gida ɗaya ne aka raba shi da layin Turawa. Shekara talatin kawun ne ke zuwa sari da ƙafarsa. A bana ciwon suga ya taɓa masa ƙafar, likita ya hana shi doguwar tafiya. Sai aka haɗa jarin shago, da kuɗin bijimai biyu da aka sayar, da adashin da mahaifiyar saurayin ta ɗauka, aka ce ya je.

Akwai kuma wa'adi. Ana sa ran azumi a farkon Maris na 2025, Salla a ƙarshensa. Mai sayar da atamfa ya san cinikin shekara yana cikin makonnin da teloli ke karɓar ɗinki, wato daga tsakiyar Sha'aban zuwa goman tsakiya na azumi. Turmin da ya iso bayan an sauko daga Idi ya zama kayan ajiya, sai a jira Babbar Salla, kafin nan kuwa yayin zanen ya wuce.

Kawun, yana kishingiɗe a kan tabarma da ƙafar a miƙe, bai ga abin shawara ba.

“Kwatano za ka, ɗana. Can aka san ni. Ka sauka gidan Alhaji a Zango, ka ce ni na aiko ka. Ko kuɗinka bai kai ba zai tsaya maka.”

“To, Kawu. Amma kun san gadar Gaya har yanzu a rufe take.”

“Za a buɗe. Yau aka fara rufe iyaka?”

Maganar tsohon ba ta rasa tushe ba. Ya ga rufewar da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019, wadda aka sassauta a Disambar 2020 amma ba a buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022. Ya ga ta 2023, bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, tireloli suka yi layi a Magama har albasa da tumatir suka ruɓe a cikinsu. Ita ma ta wuce a Maris na 2024. A lissafinsa iyaka kamar rafi ce da damina, a jira kaɗan ruwa ya janye.

Sai dai wannan karon rafin bai janye ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren a Malanbil, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a toshe, suna zargin cewa akwai sansanonin Faransa a ƙasar Benin da ake shirya musu makirci daga ciki. Benin ta musanta. Rigimar ta haɗa har da bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar Seme, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kafin juyin mulkin, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku a Kwatano ake sauke su, su bi ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil, su haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya, sai Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi. Wannan hanyar ce ta gina alhazan Maraɗi tun zamanin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, sa'ad da hanyar Legas ta rikice kasuwa ta karkata yamma. Ita ce kuma kawun ya haddace kamar hanyar gonarsa. Yanzu mutum na iya hayewa da jakarsa a kwalekwale, ana ma fiton kaya a hakan, amma wanda ya ɗora jarin gidansu a kan jirgin fito ba tare da takardar da hukuma ta yarda da ita ba, ya san duk abin da ya same shi ba shi da wurin kai ƙara.

Ɗaya muryar ta ɗan wan mahaifinsa ce, direban tirela, wanda ya shigo Bugaje gaisuwar rasuwa a makon. Shi kuwa Lome ya ce, ba tare da ya yi wani dogon tunani ba, domin daga can yake ɗauko kaya tun da aka rufe gadar. Ya zana masa hanyar da tsinke a ƙasa: daga Lome a miƙe arewa ta Sokode da Kara da Dapawon zuwa Sinkase, a shiga Burkina Faso. Da can sai a yanke gabas ta Fada N'Gurma a faɗa Nijar ta Makalondi, amma masu ɗauke da makamai sun hana wannan. Yanzu sai a bi ta Kaya da Dori, a shiga ta Tera, sannan Yamai, sannan a kama doguwar hanyar gabas, fiye da kilomita 600, zuwa Maraɗi. Daga Kaya zuwa gaba ba mai tafiya shi kaɗai. Ana tara motoci ɗaruruwa su zama ayari, sojoji a gaba sojoji a baya, kuma ba direba ne ke sa ranar tashi ba.

“Yaya, kwana nawa ke nan?”

“In an yi sa'a, wata guda. In ba a yi ba, sai abin da Allah ya yi. Amma dai kayan na isowa, da takardunsu.”

Ya faɗi haka yana kakkaɓe ƙasar hannunsa, bai ambaci abokan aikinsa da suka bi hanyar ba su dawo ba. Saurayin ma bai tambaya ba. Wanda ya tashi a ƙasar Jibiya cikin shekarun nan, inda manomi ke duba sararin daji kafin ya duba gonarsa, ba ya bukatar a fassara masa irin wannan shirun.

A nan tambayar ta sauya kama. Da farko yana auna biranen ne kamar yadda ake ba shi labarinsu: Kwatano da kasuwar Dantokpa a bakin tafki, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da 'yan acaɓarta masu rawayar riga, Lome da Asigame, babbar kasuwar da matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna a cikinta da cinikin atamfar Holan har suka riƙa hawa Marsandi tun shekarun 1970, da tasharta mai zurfi wadda manyan jiragen kwantena ke iya tsayawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk bai taɓa matsalarsa ba. Mai yawon buɗe ido yana zaɓen gari ne don abin da zai gani a cikinsa. Falke kuwa da ƙafa biyu yake tafiya, tasa da ta kayansa, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Shi kansa zai iya hawa mota daga Katsina zuwa Legas, ya tsallaka Seme ya shiga Kwatano, in ya so ya wuce Lome, ba mai tambayarsa biza. Dilolin atamfar su ne ba su da wannan gatan. Abin da yake zaɓa a zahiri shi ne hanyar da za su dawo.

Kowane birni kuma yana riƙe da rabin abin da yake bukata. Kwatano na da mutum, ba ta da hanya. Lome na da hanya, amma bai san kowa ba a can. Mai karatun da bai taɓa sari a ƙasar waje ba zai iya raina rabin farkon, alhali shi ne ginshiƙin fataucin Hausawa tun ana kai kanwa da baƙin yadi Gwanja a dawo da goro. Baƙo ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana sauka wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya gane masa atamfa ta ainihi da ta jabu mai irin tambarinta, ya san wakilin da zai fitar da kaya ba tare da ya ɓace da kuɗin ba, in ta kama ya tsaya masa a ba shi bashi. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuma sunansa. Irin wannan amanar ba a sayenta ranar da aka iso. Kawun ya yi shekara talatin yana tara tasa. Ga kuma wani abin da ya sa kuskure ya yi tsada: sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa bayan da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi ta zubewa, har kuɗin bijiman nan biyu, da aka kai su wurin ɗan canji, suka koma jikunan da ba su cika tafin hannu ba. Babu rarar da za a yi koyo da ita.

Mahaifiyarsa ce ta kawo maganar da ta warware kullin, ba kuma da niyyar ba da shawarar kasuwa ba. Tana tsince wake ta ce ita abin da ya dame ta, ƙaninta ya taɓa gaya mata akwai ragowar bashin Alhajin Kwatano a kansa tun kafin a rufe hanya, ga shi yanzu ciwo ya kwantar da shi.

“Ko ina za ka, ka biya ka sauke masa wannan nauyin. Rai ba a hannunmu yake ba.”

“To, Inna.”

Haka aka yi. Ya isa Kwatano a tsakiyar Disamba, ya sauka a Zango, ya gaida Alhajin, ya isar da saƙon Kawu, ya ƙirga masa kuɗinsa. Tsohon ya daɗe yana tambayar jikin abokinsa kafin ya taɓa kuɗin. Sai bayan sallar isha'i, da aka kawo shayi, saurayin ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke ransa, yana jin nauyin cewa a gidan mutum yake gaya masa zai kai cinikinsa wani gari.

Alhajin ya yi murmushi. Ya ce ɗakunan baƙinsa da ke cika da mutanen Maraɗi da Damagaram yanzu rabinsu a kulle suke, kuma da zai ce masa ya saya a nan don la'adar kwana biyu, da ya ci amanar shekara talatin. Ya ɗauki waya ya kira surukinsa a zangon Lome, wanda ke Aguwe, arewa da birnin, inda hukuma ta mayar da shi a 1977 bayan ta tashi tsohon zangon na tsakiyar gari. Hausawa sun daɗe a can. Da yawa kakanninsu sun gangaro ne bayan yaƙin da ya watsa kasuwar Salaga a 1892. Abin da ya faɗa a wayar gajere ne.

“Ga ɗana nan zuwa gobe. Abin da za ka yi mini, ka yi masa.”

Wannan ne abin da lissafin zauren Bugaje bai hango ba. Kawu da Yaya kowa ya yi magana kamar biranen kishiyoyi ne, dole a saki ɗaya a riƙe ɗaya. Gwamnatoci da hukumomin tashoshin jiragen ruwa haka suke kallonsu, kowa na ƙirga kwantenar da ya ƙwace daga maƙwabcinsa. Zango kuwa ya girmi iyakokin da ke tsakaninsu, kuma aurarraki da almajirci da bashi sun ɗinke shi daga wannan gari zuwa wancan. Amanar da aka tara a Kwatano ta ciyu a Lome, da kiran waya ɗaya.

Ba a ce komai ya zo da sauƙi ba. Kuɗin mota ta hanyar Burkina ya ninka abin da Kawu ya saba biya, har sai da ya rage dila biyu daga abin da ya yi niyyar saya. Ya yi kwana tara a Lome, mafi yawansu a zaune a kan benci yana jiran takarda. Tekun ma sau ɗaya ya je ya gani, ranar Juma'a da la'asar, ya tsaya daga nesa a ƙarƙashin itatuwan kwakwa yana kallon jiragen da suka yi layi a kan ruwa suna jiran shiga tasha, ya ɗauki hoto ya aika wa ƙannensa. A farkon Janairu aka ɗora dilolinsa a tirelar wani Bazabarme tare da kayan mutum shida, ya rubuta lambar motar a takarda da kuma a bayan hannunsa, ya kamo hanyar gida ta Legas.

Ya riga kayansa isowa da nisa. Mako biyu motar na tsaye a Kaya ana jiran ayari ya cika. Kullum bayan magariba sai ya fita bayan gari inda waya ke kamawa, ya kira, a ce masa ba a tashi ba. Ran nan ya kira bai samu ba, washegari ma haka, har kwana huɗu. Kawu ya daina tambaya, sai dai ya bi shi da ido in ya shigo. Inna ta ƙara tsawon zamanta a kan dadduma.

A rana ta biyar, saura kwana ashirin da uku a ga wata, wayar ta yi ƙara tun kafin ya kai bayan gari. Muryar direban na yankewa, iska na kaɗawa a bayanta. Ya ce sun shigo Tera da azahar, motoci biyu na ayarin sun tsaya a hanya amma tasu lafiya, gobe in Allah ya yarda za su kwana a Yamai. Saurayin ya tsaya a tsakiyar hanya yana ƙirga kwanakin Yamai zuwa Maraɗi da yatsunsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya juya ya nufi zauren da Kawu ke kwance.